Daga Burjin Sakkwato Zuwa Duwatsun Jos da Mambila: Yadda Za Ka Shirya Kanka da Kekenka

Wanda ya tashi a Sakkwato ya san keke tun yana ƙarami, amma bai san hawa ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Birnin kansa yana zaune ne a tsayin kimanin mita 300 daga saman teku, kuma in ka cire gangarowar da ake yi zuwa fadamar Rima da 'yan tuddan marmara na gefen kwari, sai ka yi tafiyar yini ba ka ɗaga daga sirdi ba. Shi ya sa in ɗayanmu ya ɗauki kekensa ya nufi Jos, wadda ke kimanin mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ke wajen mita 1,600, abu biyu ke ba shi kashi: hawan da ba ya ƙarewa, da gangarar da ke cinye birki. Dukansu biyu ana iya shirya musu tun daga gida, da burjin nan namu da yashi da iskar hunturu. Abin da nake so in shimfiɗa ke nan, bi da bi, yadda na koya.

Keken da ya dace

Turawa suna da keke na musamman don wannan harka, suna kiransa girabul, mu kuwa keken burji za mu ce. Kamanninsa na keken tsere ne, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sai dai tayarsa ta fi faɗi kuma firem ɗinsa ya fi juriya. Harkar ta bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta keken burji a Italiya a 2022. Mu dai iyayenmu sun daɗe suna cin burji a kan Raleigh da Phoenix, da buhun gero a kariya.

Kada rashin wannan keke ya tsayar da kai. Keken dutse na gwanjo, irin mai taya inci 26 da ake samu a kasuwa, yana yin aikin, wani lokaci ma ya fi, domin giyarsa ta fi sauƙi. Abin dubawa kafin ka biya kuɗi shi ne firem. Share ƙurar, ka bi duk inda aka yi walda da ido da yatsa, musamman ƙarƙashin wuya da wajen feda. In ka ga tsagewa ko siririya kamar gashi, ko fenti ya kumbura ya tattare a bayan wuya, alamar keken ya taɓa yin karo ke nan, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Sannan ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka: ya kamata a sami tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninka da ƙarfen sama. A kan dutse za ka yi ta dira ba shiri.

Tsayin sirdi kuwa, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, ya yi daidai.

Giya: a nan ake cin hawa ko a sha kashi

In da abu ɗaya zan roƙe ka ka kashe wa kuɗi, giya ce. Tsuguna ka ƙirga haƙoran farantin gaba mafi ƙanƙanta, sannan ka ƙirga haƙoran faifai mafi girma a firiwil na baya. Raba na gaba da na baya. Abin da ya fito shi ne yawan juyin da taya ke yi duk sanda feda ta zaga sau ɗaya.

Keken gida mai giya ɗaya yakan zo da haƙora 44 a gaba, 18 a baya. Kowane zagayen feda yana tura ka fiye da mita 5. A kan kwalta shimfiɗaɗɗiya daɗi gare shi, amma a hawa mai tsini kamar an ɗaura maka dutsen niƙa ne a ƙafa. Don duwatsu kana buƙatar na gaba ya yi daidai da na baya ko ya gaza shi. Misali 34 a gaba da 42 a baya: zagaye ɗaya mita 1.8 ne kawai a kan taya babba. In kana juya feda sau 70 a minti, kana tafiyar kilomita 7 da rabi a awa, kuma wannan ita ce tafiyar hawa ta gaskiya. Tsofaffin kekunan dutse masu faranti uku a gaba sukan zo da ƙarami mai haƙora 22 ko 24, da 32 ko 34 a baya. Wannan ni'ima ce. Na ga matasa suna cire ƙaramin farantin wai don keke ya yi kyan gani, abin yana ba ni takaici, domin shi ne zai kai su ƙolin dutse.

Ka fahimci yadda ake auna tsinin hawa, don za ka gan shi a taswirar waya. In aka ce kashi 10 cikin 100, ana nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 10. Kashi 4 zuwa 5 kowa na iya jurewa. Kashi 8 zuwa 10 a kan tsakuwa aiki ne ja. Daga kashi 15 zuwa sama, tayar baya takan fara sulɓewa, kuma yawancin mutane sauka suke yi su tura.

Kai keken wurin mai gyara ya daidaita wayar giya har kowace ta riƙa shiga ba gardama, musamman mafi sauƙi. Ka sa ya duba kada sarƙa ta tsallake babban faifai ta faɗa cikin sifok, akwai ɗan sukurun da ke hana hakan. Sarƙar da ta miƙe kuwa a canza ta. Tsohuwar sarƙa a tsakiyar hawa take tsinkewa, lokacin da ka ɗora mata dukkan nauyinka.

Taya, iska da ƙaya

Taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50 ita ce daidai a keken burji, a keken dutse kuma inci 2 ko sama da haka kaɗan. Ta kasance mai 'yan ƙuraje a gefe, su ne ke riƙe ƙasa a kwana.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne cika iska har taya ta yi tauri kamar ƙarfe. Mai faci ya saba da haka, domin masu dakon kaya haka suke so. A kan tsakuwa taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, hannuwanka su yi ta sagewa. Mutum mai nauyin kilo 65 zuwa 75, a taya milimita 40 zuwa 45, ya fara daga 35 zuwa 40 a gejin auna iska (ma'aunin psi) in akwai tiyub a ciki, ta gaba ta gaza ta baya da 2 ko 3. In tubles ce, wato tayar da babu tiyub a cikinta, ana iya sauka zuwa wajen 30. In ka rage fiye da kima kuma, dutse zai matse tiyub a jikin rim ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Duk sanda ka ga huda biyu a jere, ka san iska ce ta yi kaɗan.

Ƙaya kuwa mu ne malamanta. Tsidau, farar ƙaya, aduwa, bagaruwa, babu wadda ba ta taɓa tsayar da ni ba. Wani dattijo mai gyaran keke a gindin dogon yaro ne ya koya mini abin da har yau nake yi. Na kai masa faci sau biyu a yini ɗaya, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, wanga ba laihin tiyub ba ne. Ƙayar tana nan ciki, ba ka hidda ta ba." Ya ciro ɗan guntun auduga daga aljihu, ya zaga da shi a cikin taya a hankali. Can sai audugar ta maƙale, zare biyu suka tsaya a kan wani tsini da ido ba ya gani. Ya lanƙwasa robar, ya sa bakin allura ya tono ta, ba ta kai ƙwayar gero ba. Tun ranar akwai auduga da allura a jakar kayan gyarana.

Tubles, wato tayar da babu tiyub sai wani farin ruwa mai toshe huda, tana maganin ƙananan ƙayoyi da kanta. Sai dai zafin Sakkwato yana busar da ruwan da wuri, don haka a riƙa dubawa duk bayan wata biyu, kuma a sake zubawa kafin tafiya. Ko da tubles ɗin, tiyub biyu ba sa barin jaka.

Birki

Birkin faifai ya fi, musamman in akwai laka ko ruwa. Leƙa takalmin birkin: in abin da ya rage bai fi milimita 1 ba, canza shi, ka kuma tafi da wani sabo a jaka. In ka sa sabo, kada ka kai shi dutse kai tsaye. Nemi hanya mara cunkoso, ka ɗauki gudu ka taka birki da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita kamar sau ashirin, sai ya zauna a jikin faifan. Kada mai ko giris ya taɓa faifai, ko maiƙon hannu ma yana rage kamunsa. Mai birkin roba da ke kama rim ya sa sabuwar roba da sabuwar waya, ya tabbata rim ɗin ba ya rawa. Sannan ka san wane hannu ne na gaba, wane ne na baya, domin kekunan gwanjo ba tsarinsu ɗaya ba: na Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin Turai a hagu.

Makonni takwas na shiri a gida

Ba mu da dutse, amma muna da abubuwa uku da ke maye gurbinsa.

Na farko tudu. Nemi duk wata hawa da ke ɗaukarka minti biyu zuwa uku, irin waɗanda ake samu in ana haurowa daga fadama zuwa gari, ko gefen tuddan marmara na wajen Wamakko da Kalambaina, ko Dange da Shuni. Hau a zaune da giya mai sauƙi, gangaro, sake hawa. Tudun da ke ɗaga ka mita 20, in ka hau shi sau 15 ka tara mita 300. Fara da sau biyar a makon farko, ka riƙa ƙara biyu kowane mako, kwana biyu a mako. Akwai gundura, ban ɓoye maka ba, amma babu abin da ya kai shi amfani.

Na biyu iskar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas. Fuskance ta, ka sa giya mai ɗan nauyi, ka yi minti 15 zuwa 20 ba ka daina juya feda ba. Abin da dogon hawa ke nema ke nan: ƙarfin da ba ya yankewa. In ƙura ta yi kauri ka rufe hanci, mai asma kuwa ya haƙura da ranar.

Na uku yashi. Hanyoyin gonaki da na amalanken shanu suna koya maka riƙe keke. In za ka shiga yashi, sauya giya tun kafin ka isa, koma da nauyinka baya, sassauta riƙon kan keke, ka ci gaba da juya feda. Kada ka yi kokawa da tayar gaba, bar ta ta nemi hanyarta.

Ranar hutu ɗaya a mako ka yi doguwar tafiya a burji: awa biyu a farko, a mako na shida ta kai awa huɗu zuwa biyar, da dukkan kayan da za ka ɗauka ranar dutse. Mako na takwas ka rage komai da rabi, jiki ya huta. Fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin rana ta take. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, wannan ba lokacin doguwar tafiya ba ne. Da azumi kuma ɗan motsa jiki bayan tarawihi ya wadatar.

Maganar tsaro dole a faɗe ta. Gabashin jihar nan, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, da kuma yankin Tangaza da Gudu, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Wurno tana da tuddai masu kyau, ga tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a can, amma kada ka nufi ko'ina sai ka tambayi mutanen wurin a ranar. 'Yan kabu-kabu da direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki. Kada ka fita kai kaɗai, kuma a gida a san inda ka nufa da lokacin dawowarka.

Mai hawan jini, ciwon zuciya ko sikila ya ga likita kafin ya fara. Wahala mai tsanani da ƙishirwa da ƙarancin iska a tudu suna iya tayar da ciwon sikila.

Zaɓen wuri da lokaci

Tafiyar farko Jos ta fi dacewa. Ana isa ta Gusau, Funtua, Zariya da Saminaka, kuma da rana ake bin hanyar. Akwai masauki, asibiti da masu gyara a kusa. Duwatsun Shere da ke gabas da garin sun kai mita 1,829 a ƙololuwarsu, kewayensu kuma cike yake da hanyoyin ƙasa da na ƙauyuka. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna suna da zurfi da gaɓa mai zaizayewa, kada ka bi bakinsu. Filato ma tana da yankunan da rikici ke tashi, don haka ka nemi ɗan gari ya yi muku jagora.

Mambila sai an ƙware. Tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, daga nan hanya ta fara murɗawa tana hawa zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu. A sama tuddai ne kore shar, ga gonakin shayi na Kakara, ga shanu. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419, yana wannan yanki a kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma shiga gandun sai da izinin hukumarsa. Ka riƙe katin shaida, iyaka na kusa.

Lokaci mafi kyau shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina jan yumɓun can yana santsi kamar sabulu, yana cushewa tsakanin taya da firem har keke ya ƙi juyawa, ga rafuka da ke cika cikin minti kaɗan. Ka tuna sanyi: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Bambancin Sakkwato da Gembu ya kai digiri 8 ko fiye, ga iska a gangara a kan rigar da ta jiƙe da zufa. Rigar sanyi mara nauyi da safar hannu dole ne.

Ciwon tsayi na gaske yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka ba shi ne damuwarka ba. Amma a mita 1,600 iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, za ka ji kana haki a inda ba ka saba ba. Ba jikinka kwana ɗaya ko biyu kafin babbar fita.

Wajen tsara hanya, kada ka kalli kilomita kaɗai, kalli jimlar hawa. Ni nakan lissafa kilomita 15 a awa, sannan in ƙara kwata ɗin awa a kan kowace mita 100 ta hawa. Kilomita 40 mai hawan mita 800 ta kusa awa biyar ke nan, ban da hutu da salla. Sauke taswirar a waya tun kana masauki, domin sabis yakan ɗauke a kwari.

In za ka loda keke a mota, cire tayoyi, cire abin canza giya na baya ka naɗe shi da tsumma ka ɗaure a jikin firem, don shi ne ke fara lanƙwashewa in an ɗora buhu. Mai birkin faifai ya cusa guntun kwali tsakanin takalman birki. Ka tsaya a wurin har a gama ɗauri.

A jakar gyara: tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, ƙarfen cire taya, alanki, abin yanke sarƙa da mahaɗinta, wayar giya, takalmin birki, ɗan mai, igiyar roba, tocila. Hular kwano kuwa a kai take, ba a jaka ba.

Yadda ake hawa

Fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so. Ma'aunin shi ne magana: in ba ka iya gaya wa abokinka jimla guda ba tare da yankewar numfashi ba, ka wuce kima. Sauya giya tun kana ganin hawan, kada ka jira sai ƙafa ta yi nauyi. In dole ka sauya a tsakiya, sassauta matsin feda na ɗan lokaci har sarƙa ta hau.

Zauna a sirdi. A kan kwalta miƙewa tsaye na taimakawa, amma a kan tsakuwa da zarar ka ɗaga, nauyi ya bar tayar baya, sai ta juya a banza ka tsaya cak. In hawan ya yi tsini har tayar gaba ta fara ɗagawa, matso bakin sirdi, lanƙwasa gwiwar hannu, sunkuyo da ƙirji kusa da kan keke. Zaɓi layi mai tauri, sau da yawa inda tayar babur ta daddale, ka kauce wa tsakiyar da ruwa ya zaizaye. A kwana mai murɗewa bi ta gefen waje in hanya babu kowa, ya fi tsawo amma ya fi sauƙi.

In ka tsaya a tsakiyar hawa, karkata keken ya ɗan gitta hanya kafin ka sake tashi. In kuwa turawa ta fi sauri, sauka ka tura, hannu a kan birki. Ƙwararru ma suna yi.

Gangara

A nan ne mutumin Sakkwato ya fi shiga haɗari, domin bai taɓa riƙe birki na minti goma ba. A doguwar gangarata ta farko na matse birki biyu tun daga sama ban saki ba, tsoro ya hana ni. Wajen rabin hanya na ji wari kamar na ƙonannen kulocin mota, hannun birkin ya yi laushi, keken ya ci gaba da tafiya. Allah ya taimake ni akwai wani fili a gefe, na shiga ciyawa na sa ƙafa. Faifan ya canza launi, ya yi shuɗi-shuɗi. Na zauna a kan dutse hannuna na rawa har ya huce.

Abin da ya faru shi ne zafi. Birki yana mayar da gudu ya zama zafi, in ba ka ba shi sarari ba takalmin ya daina kamawa, man da ke ciki ma yana iya tafasa. A birkin roba kuma rim ne ke ɗaukar zafin, har tiyub ya fashe. Maganin: matsa da ƙarfi na daƙiƙa biyu zuwa uku, gudu ya ragu sosai, saki, bar keke ya tafi, sake matsawa. A gangara mai tsawo tsaya duk bayan 'yan mintuna. Kada ka taɓa faifai da hannu, kada kuma ka zuba masa ruwa yana da zafi, yana iya karkacewa.

Mun taso ana tsoratar da mu da birkin gaba, wai zai wurga ka. Gaskiyar ita ce mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake, domin nauyi can yake komawa. Na baya shi kaɗai jan ƙasa yake yi. Yi amfani da su tare, a hankali kamar matsar lemo, kana tura jikinka baya. Inda za ka sassauta na gaba shi ne cikin kwana, cikin yashi, da kan tsakuwa mai gangarowa.

Tsayuwar jiki: ɗaga kaɗan daga sirdi, feda biyu a daidai da juna, dunduniya ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe su zama maka sifirin. Mai kai irin na ƙahon rago ya riƙe ƙasan lanƙwasar, birki ya fi kamuwa daga nan kuma hannu ba ya suɓucewa. Rage sirdi da yatsu biyu kafin gangara mai tsini yana taimakawa ƙwarai.

Gama rage gudu kafin kwana. A cikinta, fedar waje ta koma ƙasa ka danna ta da nauyinka, ido a kan mafita. Keke inda ido ya kalla yake bi: in ka ƙura wa dutse ido, shi za ka daka, don haka kalli ratar da ke gefensa. Kwazazzabon da ya gitta hanya a tsallaka shi a miƙe, wanda ya bi tsawon hanya kuma kada taya ta faɗa ciki. A gargada sassauta riƙo. Kowace kwanar da ba ka ganin bayanta, ɗauka akwai babur ko garken shanu a ciki. Tsakaninka da na gabanka a bar tazara mai yawa, kowa kuma ya sauka da gudun da ya iya, a haɗu a ƙasa.

Ruwa, abinci da mutanen hanya

Sanyin tudu yana ɓoye ƙishirwa. Sha rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zufa, kurɓi-kurɓi. A gora ɗaya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan rafi sai an tafasa ko an sa masa magani. Ci tun kafin yunwa, duk bayan rabin awa: dabino uku ko huɗu, ayaba, dankali dafaffe, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi don gishiri. Fura da nono a bar ta sai an sauka, tana nauyi a ciki lokacin hawa.

In abokin tafiya ya fara jiri, amai, ko maganarsa ta rikice, a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Wanda ya faɗi kansa ya bugu, ko da ya ce lafiya lau, hawansa ya ƙare a ranar, hular kuma an gama da ita. Ƙujewa a wanke da ruwa mai tsabta har ƙasa ta fita, a rufe.

In kun shiga ƙauye ku rage gudu, ku yi sallama. In za ku yada zango ku fara gaida mai gari ko jauro. "Baba, sannu da hutawa, hanyar nan tana ɓullewa?" ta fi taswirar waya sanin gadar da ta karye. Garken shanu a tsaya a ba shi hanya, a gaida makiyayi, kada a ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. In kare ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba, sauka ka sa keken tsakaninku. Kada a ɗauki hoton mutane ko gidajensu sai da izini. Ku sa wa kanku lokacin juyawa tun da safe, in la'asar ta yi ku kasance kun kama hanyar masauki, domin a tsakanin duwatsu duhu da sanyi tare suke sauka.

Bayan an sauka

Wanke keken da bokiti da soso tun laka ba ta bushe ba, kada a sa masa injin wankin mota, yana tura ruwa cikin boris. Goge sarƙa, ɗiga mata mai a kowace gaɓa, ka share na saman sarai. Baƙin mai ƙura yake tarawa ya zama kamar sanfefa. Juya kowace taya ka ga ko rim ya karkace, matsa sifok biyu-biyu ka ji wanda ya saki, bi gefen taya ka nemi yankan dutse. Sake leƙa takalmin birki, yini ɗaya a Mambila yana iya cin abin da wata shida a Sakkwato ba su ci ba. Sannan ka rubuta a waya iskar da ka sa, ruwan da ka sha, da giyar da ka ƙare a kanta a hawa mafi tsini. In a mafi sauƙi ka ƙare kuma kana neman wata, kafin tafiya ta gaba ka ƙara girman firiwil.